Sarrafa Hasken LED a Akwatin Kifin Ado

Sarrafa hasken LED (ƙananan ƙwayoyin fitilar lantarki) a akwatin kifin ado shi ne amfani da ƙaramar na'ura mai ƙwaƙwalwa wajen kunna fitilar akwatin gilashin da ake kiwon kifi a cikinsa, da ƙara haskenta ko rage shi sannu a hankali, da kuma kashe ta a lokacin da aka tsara. Masu kiwon kifi don sha'awa sukan haɗa na'urar da hannunsu. Rage haske da kashe fitila ayyuka ne guda biyu mabambanta, kuma yawancin matsalolin da ake gamuwa da su suna tasowa ne daga ɗaukar su a matsayin abu ɗaya.

Tarihi

Kiwon kifi a akwatin gilashi ya yaɗu a Ingila a tsakiyar ƙarni na 19, bayan da gidan ajiye namun daji na Landan ya buɗe sashensa na kifaye a 1853. Da hasken taga aka fara dogaro, sannan ƙwan lantarki, sannan dogayen fitilun nan masu farin haske, waɗanda agogon kunnawa da kashewa kaɗai ake iya haɗa musu cikin sauƙi. A 1962 Nick Holonyak ya ƙera LED mai jan haske a Amurka, sai dai shuɗin LED mai ƙarfi, wanda shi ne tushen farin hasken da ake gani yau, bai samu ba sai farkon shekarun 1990 a Japan, ta hannun Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda suka sami lambar yabo ta Nobel a 2014. Ana kyautata zaton cewa wajen tsakiyar shekarun 2000 ne fitilun LED suka fara shiga kasuwar akwatunan kifi. A 2005 kuma aka fito da allon Arduino, wata ƙaramar na'ura mai ƙwaƙwalwa da ake rubuta wa umarni, a garin Ivrea na Italiya, wanda arharsa ta ba ɗalibai da masu gyaran rediyo damar tsara haske yadda suke so.

Rage haske

Kifi ba shi da fatar ido, saboda haka idan fitila ta kama farat ɗaya cikin duhu yakan razana, ya bugi gilashi ko ya yi tsalle waje. Wannan ne ya sa ake kwaikwayon fitowar rana da faɗuwarta, a ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya ana ɗaga haske. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce PWM, wato kunna fitila da kashe ta sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, ta yadda ido ba ya ganin ƙiftawar, sai dai ya ga haske ya dushe gwargwadon tsawon lokacin da take a kashe. Allon Arduino Uno yana yin haka kusan sau 490 a daƙiƙa a yawancin ƙafafunsa, wato wuraren da ake jona masa waya, a matakai daga 0 zuwa 255. Ƙafar allon ba ta iya ɗaukar wutar fitila, don haka ake sa taransista irin MOSFET, wanda ke aiki kamar makunni, a tsakani. Wasu fitilun kuma na'urar da ke ba su wuta tana karɓar umarni ne da ƙarfin volt 0 zuwa 10.

Kashewa

Da yawa daga cikin waɗannan na'urorin da ke ba fitila wuta ba sa sauka ƙasa da kusan kashi 10 cikin ɗari, ko da umarni ya kai sifiri, sai a tarar da tsakar dare ƙwayoyin fitilar suna ɗan ƙyalli a saman ruwa. Maganinsa shi ne a ƙara rile, wato makunnin da allon ke sarrafawa, da zai yanke wutar gaba ɗaya bayan haske ya gama sauka. Duhu yana da muhimmanci, domin kifi na buƙatar hutu, hasken da ya wuce awa 8 zuwa 10 a yini kuwa yana hayayyafa gansakuka.

Saɓani

Masu kiwo sun rabu kan ko ƙiftawar PWM na damun kifi, haka ma kan barin ɗan shuɗin haske da dare.

A Maradi

Kiwon tarwada domin ci ya fi na ado yawa a Maradi, amma wanda ya ajiye akwatin gilashi a falo yana fuskantar abu biyu. Na farko ɗauke wuta: allon ba ya riƙe lokaci idan wuta ta tafi, saboda haka ake haɗa masa ƙaramin agogo irin DS3231 mai ɗan batirinsa, in ba haka ba fitila na iya kamawa da ƙarfe biyun dare bayan wuta ta dawo. Na biyu zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yana kuma gajarta rayuwar LED. Rage haske da tsakar rana yana sauƙaƙa wa fitila da ruwa. Fitilun volt 12 suna aiki kai tsaye da batirin sola, kuma sun fi aminci kusa da ruwa a kan wutar gida mai volt 220.