Waiwaye: daga cikon zaiba zuwa wanda ya yi kalar haƙori

A nan Garwa da Marwa har yau in haƙorin mutum ya yi kogo, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne a cire kawai a huta. Ciko kam mutane da yawa sun ɗauka baƙin ƙarfen nan ne da ake gani a matauna in an buɗe baki, alhali an jima da samun wanda in likita ya gama sai ka rasa inda aka taɓa. Kuma ba dare ɗaya aka kai wurin ba.

Shi baƙin nan amalgam ake ce masa, haɗi ne na zaiba da azurfa da kuza da jan ƙarfe, kusan rabinsa zaiba ce. Wasu 'yan uwa masu suna Crawcour suka kai shi Amurka daga Turai a 1833, rigima ta tashi tsakanin likitoci har a 1845 ƙungiyarsu ta sa mambobinta su yi alkawari ba za su taɓa shi ba. Amma ina, abu ne mai arha ga ƙarko, kuma bayan wani likitan haƙori ɗan Amurka, G.V. Black, ya daidaita haɗin wajen 1895 sai ya zauna daram. Matsalarsa dai baya manne wa haƙori, dole likita ya ƙara rarake lafiyayyen wuri don cikon ya samu mazauni, sannan wa zai yarda a sa masa baƙi a haƙoran gaba?

To saboda haƙoran gaban nan aka yi ta fama. An gwada simintin silikat tun ƙarshen ƙarni na 19, yana da kalar haƙori amma yawu na narkar da shi cikin 'yan shekaru. Bayan yaƙin duniya na biyu aka koma roba, ita kuma tana tsukewa in ta bushe, ta bar tsaga a gefe, ruɓa ta sake shiga ta nan. Sai a 1955 Michael Buonocore a garin Rochester ya nuna cewa in an shafa asid a jikin haƙori na ɗan lokaci, wurin na yin kaushi har roba ta kama shi gam, a 1962 kuma Rafael Bowen ya samu haƙƙin mallakar wata roba, Bis-GMA, wadda ake cuɗa ta da garin gilas. Wannan shi ne asalin kwamfozit ɗin da ake sawa yau. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake haska maka a baki don cikon ya daskare a ƙarshen shekarun 1970 ta shigo.

Ni dai a ganina wanda ya fi shafar mu ba kwamfozit ba ne ma. A Ingila Wilson da Kent suka fito da wani siminti a 1972, gilas ayonoma, yana manne wa haƙori da kansa kuma yana sakin fulorayid a hankali wanda ke taimakawa wajen hana sabuwar ruɓa. A tsakiyar shekarun 1980 wani likita ɗan Holan, Jo Frencken, yana aiki a Tanzaniya inda babu wuta babu inji, sai ya riƙa kankare ruɓar da ƙananan kayan hannu yana cikawa, daga baya wannan simintin ya zama abin aikin wannan hanya tasa ta ciko ba tare da inji ba, wadda ake kira ART, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tallata ta a 1994. Wallahi duk wanda ya san yadda ake ɗauke wuta a arewacin Kamaru da Chadi lokacin zafi, ya san ƙauyukan da ko igiyar wutar ba ta kai ba, zai gane darajar cikon da za a iya yi wa yaro a kan benci a makaranta. Gaskiya bai kai kwamfozit ƙarfi da kyau ba, babban kogo a matauni na iya fin ƙarfinsa, amma ƙaramin kogo in an kama shi da wuri yana riƙewa.

Ɗayan abin da ya tura duniya ga farin cikon shi ne maganar zaiba. Yarjejeniyar Minamata, ta ƙasashen duniya kan zaiba, da aka sa wa hannu a 2013 ta ce a rage amalgam, babban dalili shi ne zaibar da ke bin ruwan asibitoci ta shiga muhalli. Norwe ta hana tun 2008, Tarayyar Turai ta hana daga Janairun 2025. Amma fa mai tsohon baƙin ciko da bai tsage ba, kar ya ruga a fasa masa, fasawar na cin wani ɓangaren haƙorin.

Kwamfozit kuma yana da nasa sharaɗi, dole wurin ya bushe ƙayau lokacin sawa, yawu kaɗan ya taɓa sai ya ƙi kamawa, shi ya sa yake cin lokaci da kuɗi. Ga mu da shayi mai kauri da goro, suna rina gefensa a hankali. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gilas ayonoma cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, abin da nake so in gani shi ne ya iso ƙananan asibitocinmu tare da ma'aikatan da aka koya wa sa shi, don yanzu galibi sai mutum ya yi tafiya zuwa babban gari, kafin nan ruɓar ta kai jijiya.