Tun yaushe halittu suka fara haihuwa da iyaye biyu?

Me masana ke nufi da haihuwa ta iyaye biyu?

Abu biyu ne ke tafiya tare. Ƙwayoyin halitta biyu su haɗe su zama ɗaya, sannan kafin zuriya ta gaba a raba kayan gado gida biyu, wato DNA, sinadarin da ke ɗauke da halayen da ake gada daga iyaye. Mutum yana da kuromosom (dunƙulallen zaren DNA) 46 a ƙwayar jikinsa, amma ƙwan mace da maniyyin namiji kowanne 23 yake ɗauka. Wannan rabon shi ake kira miyosis. A cikinsa kuromosom ɗin da aka gada daga uwa da wanda aka gada daga uba sukan jeru kafaɗa da kafaɗa su yi musayar gutsattsari, shi ya sa 'yan uwa ciki ɗaya ba sa fitowa iri ɗaya sak.

Bakteriya fa, ba sa yin haka?

Suna musayar kayan gado, amma haihuwarsu daban take. A 1928 Frederick Griffith ya nuna a Ingila cewa bakteriyar ciwon huhu na iya tsintar hali daga 'yar uwarta da ta mutu. A 1946 Joshua Lederberg da Edward Tatum suka gano bakteriya na miƙa wa juna DNA kai tsaye. Duk wannan ɗan guntu ne ake ba wa juna. In lokacin hayayyafa ya yi, kowace ta tsage gida biyu ita kaɗai.

To a ina abin ya fara, kuma yaushe?

A cikin ƙwayoyi masu cibiya, waɗanda DNA ɗinsu ke killace a ɗaki na musamman. Dabbobi, tsirrai, naman gwari da ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya irin su ƙwayar zazzaɓin cizon sauro duk daga kaka ɗaya suka fito, kuma hujjoji sun nuna wannan kakar ta riga ta iya miyosis tun fiye da shekara biliyan ɗaya da suka wuce.

Hujja ta farko a dutse take. A tsibirin Somerset da ke arewacin Kanada an samu burbushin wani jan gansakuka mai suna Bangiomorpha, wanda Nicholas Butterfield ya bayyana a 2000. Shekarunsa sun haura biliyan ɗaya kaɗan, kuma yana ɗauke da alamun ƙwayoyin haihuwa iri biyu.

Ta biyu, wadda a ganina ta fi ƙarfi, a cikin halittu masu rai take. Giardia, ƙwayar da ke sa gudawa, an daɗe ana ɗauka ba ta san wannan harka ba, sai a 2005 aka samu kayan gadon miyosis a jikinta. Ƙwayar ciwon barci tana musayar gado a cikin ƙudan tsando. Ita kuwa ƙwayar zazzaɓi a jinin mutum tsagewa kawai take yi, amma da sauro ya zuƙe ta, a cikinsa take haɗuwa namiji da mace. Rassan halittu masu nisa da juna haka ba za su ƙirƙiro kayan aiki iri ɗaya kowanne a gefensa ba. Gado ne.

Daga ina kayan aikin suka fito?

Yawancinsu tsofaffin kaya ne aka sauya wa aiki. Furotin Spo11, wanda ke yanka DNA da gangan don a fara musaya, danginsa na nan a jikin akiya, wasu halittu marasa cibiya, inda yake warware DNA in ta cukurkuɗe. Dmc1, mai haɗa kowane kuromosom da takwaransa, ɗan uwan RecA ne da bakteriya ke gyaran DNA da shi. Wannan ne ya sa wasu masana ke ganin asalin abin gyara ne: in naka ya lalace, ka duba na wani ka kwafa. Wasu kuma suna danganta shi da shigowar maitokondiriya, bakteriyar da ta zauna a cikin wata ƙwaya ta zama injin wutarta, domin aiki da iskar oksijin yana haifar da sinadarai masu lalata DNA. Har yau ana muhawara a kan wannan.

An ce hanyar tana da tsada. Wace irin tsada?

Masanin halittu John Maynard Smith ne ya fito da lissafin a shekarun 1970. Macen da ke haihuwa ita kaɗai, 'ya'yanta duk mata ne masu haihuwa. Wadda ke buƙatar namiji, rabin 'ya'yanta maza ne da ba sa haihuwa da kansu, don haka zuriyar ta farko za ta riƙa ninka ta biyu. Sai dai mutane kan manta cewa ƙwayoyin farko ba su da namiji da mace. Ƙwayoyi ne masu girma ɗaya, kamar yadda yis ɗin burodi yake yi har yanzu, kuma yakan shiga miyosis ne idan abinci ya yanke masa. Bambancin babban ƙwai da ƙaramin maniyyi daga baya ya zo, tsadar ma tare da shi ta zo.

Me ya hana abin ɓacewa bayan tsadar ta bayyana?

Hermann Muller ya yi bayani a 1964 cewa zuriyar da ke kwafar kanta kullum kurakurai sukan taru mata, babu hanyar zubar da su. Musaya kuwa tana iya fitar da ɗa mai ƙarancin kuskure fiye da iyayensa biyu.

Sai kuma cututtuka, waɗanda suka fi saurin cin zuriyar da duk iri ɗaya ce. Ayaba iri Gros Michel ba ta iri ake shuka ta ba, reshe ne daga uwa kamar yadda ake dasa rogo, don haka duk gonakin tamkar tsiro ɗaya ne. Da cutar Fanama ta kama ta, a shekarun 1950 ta durƙusar da kasuwancinta a Amurka ta Tsakiya. A tafkunan New Zealand akwai wani ƙaramin dodon koɗi da wasunsa ke haihuwa da namiji, wasu kuma ba namiji. Curtis Lively ya lura a 1987 cewa inda tsutsotsin da ke shiga jikinsu su cuce su suka fi yawa, a nan aka fi samun maza.