Waiwaye: Kan jirgi mai akwati, daga hayaƙin New York zuwa teburin masu ƙira da hannu

Ranar 8 ga Janairun 1902, wani jirgin ƙasa ya afka wa wani ta baya a cikin ramin Park Avenue da ke ƙarƙashin birnin New York, mutum 15 suka mutu nan take. Hayaƙin kwal da tururi ne suka turnuƙe ramin har direba ya kasa ganin fitilar tsayawa. Shekara guda bayan haka majalisar jihar ta yi doka cewa daga 1908 ba a yarda jirgi mai aiki da tururi ya shigo wannan ɓangare na Manhattan ba. Kamfanonin jiragen ƙasa ba su da zaɓi sai su koma lantarki.

Injiniyan da aka ce ya ƙera kan jirgi mai lantarki ba ya buƙatar doguwar tukunyar ruwa, ba ya buƙatar bututun hayaƙi. Abin da ke gabansa shi ne inda zai zuba na'urori ruwan sama bai taɓa su ba. Sai aka kafa bango huɗu na ƙarfe a kan ƙafafu, aka ɗora rufi, aka huda tagogi a gaba da baya don direba ya tuƙa ta kowane ɓangare ba tare da an juya jirgin ba. Shi ke nan, an sami kan jirgi mai siffar akwati. Kamfanin New Haven ya fara aiki da irinsa a 1907. A 1915 kamfanin Milwaukee Road ya sa manya-manyansu, masu cin lantarki bolt 3,000, suna jan taragai a duwatsun Montana, kuma wasunsu ba su huta ba sai 1974. Na birnin Montreal a Kanada sun ma fi su nisan kwana, don sun kwashi fasinja ta ramin Mount Royal tun daga 1918 har 1995.

Wanda masu sha'awar ƙera ƙananan jirage na kwaikwayo suka fi ƙauna dai ɗan dizal ne, shi ma doka ce ta haife shi. A 1923 New York ta sake yin wata doka, wadda ake kira da sunan ɗan majalisa Kaufman, ta ce zuwa farkon 1926 kowane layin dogo a birnin ya rabu da tururi. To, akwai ƙananan tashoshin kaya a bakin ruwa waɗanda ja musu wayar lantarki asara ce tsantsa. Kamfanoni uku suka haɗa hannu: Ingersoll-Rand ya ba da injin dizal, General Electric ya ba da janareta da kayan lantarki, Alco ya ƙera gangar jiki. A 1925 kamfanin Central Railroad of New Jersey ya sayi na farko, mai lamba 1000, nauyinsa tan 60, ƙarfinsa na doki 300. Aka kai shi wata 'yar tashar kaya a Bronx wadda babu dogon da ya haɗa ta da sauran ƙasa, sai dai a ɗoro taragai a jirgin ruwa a sauke mata. Saboda ƙarancin fili, rumbun kayan tashar zagayayye aka gina shi, dogo ya kewaye shi. Can ya yi ta kai da komo har 1957, yanzu yana ajiye a gidan tarihin jiragen B&O da ke Baltimore.

Zamaninsa bai yi tsawo ba. Direba a cikin akwati ba ya ganin gefensa da kyau lokacin haɗa taragai, makanike kuma sai ya kutsa cikin matsi da zafi kafin ya kai ga inji. Kafin ƙarshen shekarun 1930 masu ƙera jirage sun koma ga mai dogon murfi da ɗakin direba daban, na fasinja kuma aka yi musu dogon hanci.

A daidai wannan lokaci ne harkar ƙananan jirage ke tashi daga wasan yara tana zama sha'awar manya. Wani mai suna Al Kalmbach ya fara buga mujallar Model Railroader a Milwaukee a 1934, a 1935 kuma aka kafa ƙungiyar masu sha'awar ƙananan jirage, NMRA, a birnin don a daidaita ma'auni, yadda taragon da wani ya ƙera zai hau dogon wani. Lokacin matsin tattalin arziki ne, kuɗi ya yi wuya, don haka wanda ke son kan jirgi shi zai zauna ya yanka gwangwani da tagulla, ya narka dalma ya liƙe. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, masana'antu irin su Lionel suka daina ƙera jiragen wasa a 1942 suka koma kayan soja, mutane suka koma kwali da katako. Duk wanda ya taɓa ganin yaro ya fere karan dawa ya haɗa mota ya san irin basirar da rashi ke haifarwa.

Bayan yaƙi abubuwa suka canza. Aka fara shigo da ƙananan jiragen tagulla daga Japan, masu kyau amma masu tsada, sannan kamfanoni irin su Athearn suka cika kasuwa da na roba masu arha. Da yawa suka ajiye kayan aiki. Sai dai masana'anta abin da zai sayu da yawa take bugawa, shi kuwa mai akwati ba shi da farin jinin da manyan jiragen tururi ke da shi. Kamfanin Roundhouse ya fitar da ɗaya na roba wanda ya yi suna wajen ƙara idan yana tafiya, wasu ƙalilan suka biyo baya. Wanda ke son wani takamaiman samfuri har yanzu hannunsa ne gatansa.

Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne faifan roba na sitirin, wanda ya bazu tun wajen 1960. Ba ya buƙatar wuta: a ɗora rula, a ja reza sau biyu ko uku, a tanƙwara, ya karye a miƙe. Gam ɗinsa ruwa ne tsararo, ana ɗiga shi da burushi ya bi tsagin ya narkar da gefunan biyu su zama ɗaya. A ma'aunin HO, wato kashi 1 cikin 87, mai lamba 1000 da ya kai kusan mita 10 bai wuce santimita 12 ba, ya zauna a tafin hannu. Ana yawan ba sabon shiga shawara ya fara da mai akwati tunda babu tukunya mai lanƙwasa. Ni dai ina ganin an cika zuzuta sauƙinsa. Bango miƙaƙƙe ba ya rufa asiri: taga ɗaya ta karkace da rabin milimita, ido zai kama ta daga nesa. Ga rufi mai ɗan doro da sai an jera siraran roba an bi da samfefa, ga lagireto da bututai a samansa, ga ɗaruruwan kawunan ƙusa a jere. Da can sai a kifa faifan a bi da tsinin allura ana dannawa ɗaya bayan ɗaya, yanzu akwai na mannawa da ake sayarwa a takarda. Sannan dole a cusa dalma a ciki, in ba haka ba ƙafafun sai su yi ta sulɓi a kan dogo.

Kasuwar mai akwati ta sake buɗewa a 1998, lokacin da kamfanin Bachmann ya fara sayar da jirage a ma'aunin On30. Jikin jirgin kashi 1 cikin 48 ne, amma yana tafiya a kan dogon HO mai faɗin milimita 16.5, wanda ke wakiltar siririn dogo na inci 30. (Irin wannan faɗi ne da tsohon layin Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957, ko da yake shi jiragen tururi ne suka bi shi.) Dabarar da ta bazu ita ce a sayi ƙaramin kan jirgin HO mai arha, a cire masa jiki, a gina masa akwati babba. Tunda ma'adinai da kamfanonin katako na da can su ma sukan harhaɗa nasu a garejinsu, ba mai cewa ka saɓa wa tarihi.

Nan kuma gardama ta taso: wanda ya sayi inji da ƙafafu ya gina jiki kawai, shi ma ya ƙera daga tushe? A tsarin ba da shaidar gwaninta na NMRA, an yafe sayen injin lantarki da giya da ƙafafu da maƙalan taragai, amma ana son kashi 90 cikin 100 na sauran sassan su fito daga hannun mai aikin. Na'urar buga abu da roba daga kwamfuta ta ƙara dagula lissafin, don yanzu mutum na iya zana akwatin har da kawunan ƙusarsa a allo, na'ura ta fitar masa da shi cikin sa'o'i. A ganina, wanda ya tattara tsofaffin hotuna ya auna ya zana da kansa ya cancanci a kira shi maƙeri, ko da reza ba ta taɓa yatsansa ba. Wanda kuwa ya sauke zanen wani daga intanet ya buga, fenti kawai ya yi.