Ɗan wasana bai fito ba, ina makina? Tambayoyi kan haɗa tawaga a Fantasy

A teburin mai shayin da muke zama a unguwar Mabera da ke Sakkwato, kusan duk Litinin sai an sami mai kukan cewa ya kwana da 'yan wasa tara maimakon sha ɗaya a Fantasy Premier League, wasan intanet da ake haɗa tawaga da 'yan ƙwallon Firimiyar Ingila ana samun maki bisa abin da suka yi a fili. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

'Yan wasa nawa ake saye, kuma yaya ake raba su?

Sha biyar, da fam miliyan 100 na cikin wasan: gola 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3. Ba a ɗaukar fiye da mutum uku daga ƙungiya ɗaya, komai son da kake wa Arsenal. Cikin sha ɗayan da za su fara, dole a sami gola ɗaya, 'yan baya aƙalla uku, da ɗan gaba ko da guda.

Idan wanda na sa bai buga ba fa?

Nan ne yawancinmu ke asara. Idan bai taka fili ba ko kaɗan, manhajar za ta ɗauko wani daga bencinka, bisa jerin da ka yi musu: na ɗaya, na biyu, na uku. Amma sai in canjin bai karya tsarin ba. Misali, da 'yan baya uku ka fara, ɗaya ya yi rauni, to ɗan baya kaɗai zai maye gurbinsa, ko da ɗan tsakiyar da ke kan gaba a benci ya ci ƙwallo biyu.

Wanda ya fi ciwo shi ne a sako ɗan wasanka a minti na 88. Ya buga ke nan, zai kawo maka maki ɗaya, na benci kuma ya tafi a banza. Shi ya sa nake jan kunnen ƙannena: kada ku cika benci da 'yan araha da ba sa ko shiga jerin ƙungiyarsu. Aƙalla biyu su zama masu fita duk mako. Gara ɗan ƙaramar ƙungiya mai cika minti 90 da tauraron da koci ke hutarwa. Pep Guardiola ya yi ƙaurin suna a wannan.

Ta yaya zan gane wanda ba zai buga ba?

Duba alamar da ke jikin sunansa: ɗorawa na nufin akwai shakku, ja kuma ba ya nan. Ka saurari abin da kociyoyi ke faɗa wa 'yan jarida ranar Alhamis ko Juma'a. Ka lura da kati ma, domin katin gargaɗi biyar cikin wasanni 19 na farko yana jawo dakatarwar wasa ɗaya. Sai gasar cin kofin Afirka: wadda aka yi a Maroko ta fara ranar 21 ga Disamba 2025, ta kwashe irin su Salah da Iwobi na makonni.

Yaushe ake rufe canji?

Minti 90 kafin wasan farko na makon. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da na Ingila, bayan nan muna gabansu da awa guda. Idan akwai wasan daren Juma'a, ka gama komai tun da la'asar, kada intanet ya ba ka kunya.

In sayar da wanda ya ji rauni nan take?

Canji ɗaya ne kyauta a mako, ana iya tara su har biyar, kowane ƙari kuma za a cire maka maki huɗu. Raunin mako ɗaya ko biyu, ajiye shi a benci. In wata guda ne, sallame shi. Kuma mataimakin kyaftin ya zama daga wata ƙungiya daban, don makin kyaftin ninka shi ake yi, in an ɗage wasansa kuwa, mataimakin ne zai gaji ninkin makin.