Fitsarin da ke yin baƙi bayan ya daɗe a fo

Iyaye mata, ku ne kuke fara ganin wannan alamar. Jariri ya yi fitsari kalarsa daidai, amma bayan wasu sa'o'i sai nafkin ɗin ko zanin goyon ya yi baƙi kamar an ɗiga tawada, in an sa sabulu ma tabon ƙara fitowa yake. Yaron kuwa garau, yana shan nono yana wasa, shi ya sa ake share zancen.

Sunan cutar alkaptonuriya. Gadonta ake yi, kuma ba ta da yawa, wajen mutum ɗaya a cikin 250,000 zuwa miliyan guda, sai dai a ƙasar Slovakiya ta kai ɗaya cikin 19,000. Wani likitan Ingila, Archibald Garrod, shi ya nuna a 1902 cewa daga iyaye take. Kamar sikila ce: in uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar gadon cutar, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ita. Auren zumunci yana ƙara wannan haɗuwar, don haka dangin da aka samu mutum ɗaya, a duba 'yan'uwansa.

Abin da ke faruwa shi ne hanta ta rasa sinadarin da ke ƙarasa narkar da wani ɓangare na furotin, wato abin da ke cikin nama, ƙwai da wake. Ragowar sai ta taru, wata ta fita a fitsari, wata ta lafe a guringuntsi shekara da shekaru har ya yi baƙi ya bushe. Daga shekara 30 sai baya ya sandare, ruku'u ya gagara, gwiwa da kwankwaso su biyo. A ce sanyin ƙashi ne, a yi ta shan maganin ciwon jiki. Wannan ne ke damuna, domin da an duba kunne an ga ya yi duhu ya yi tauri, farin ido kuma da ɗigon baƙi. Cutar takan kawo tsakuwar ƙoda, ta taɓa zuciya.

Ba a warkewa, amma akwai maganin nitisinone da Tarayyar Turai ta amince a ba manya a 2020, yana rage taruwar ragowar nan sosai. Motsa jiki mara nauyi na taimakawa, gaɓar da ta lalace kuma ana sauya ta da tiyata. Gwajin fitsari ne ke tabbatar da cutar, sai a nemi babban asibitin koyarwa.

Amma fitsarin da ya fito baƙi tun daga farko, musamman da zazzaɓi, wannan wata matsala ce daban, a kai mutum asibiti a ranar.