Waiwaye: Yadda awon kauri da nauyin ruwa ya koma cikin ɗigo guda

Matar da ke sayen nono a kasuwar Wadata ta Yamai takan ɗaga ludayi ta karkata shi, ta duba ko nonon yana zuba a hankali ko kuwa ya tsinke, kafin ta ciro kuɗinta. Abin da idonta ke aunawa shi ne kauri. Akwai kuma awo na biyu, wato nauyin da lita guda ta wani abu mai ruwa-ruwa take da shi, wanda ke tona asirin madarar da aka yi wa algus, domin litar madarar shanu takan kai wajen giram 1,030, ta ruwa kuwa 1,000.

Awon nauyin ne ya riga. Tun ƙarni na 11 masanin kimiyya al-Biruni yake gwada shi da wani ɗan buta na musamman, kuma a 1768 Bafaranshe Antoine Baumé ya tsara ma'aunin sandar gilashin da ake tsomawa a ruwa, a karanta inda ta tsaya. Jikokin wannan sanda suna nan a wuraren tara madara.

Kauri ya fi wuyar sha'ani. Likita ne, Jean Poiseuille, wanda damuwarsa ita ce gudun jini a ƙananan jijiyoyi, ya yi ta tura ruwa ta cikin siraran bututun gilashi har ya nuna, a wajen 1840, cewa idan aka rage faɗin bututu da rabi, abin da zai wuce zai ragu sau 16. Daga nan aka samu na'urorin da mai awo ke zama gabansu da agogo, yana jiran ruwa ya sauka daga wannan zane zuwa wancan. Aikin yana cin lokaci, yana kuma cin samfuri, abin da ba a wasa da shi idan jinin jariri ne za a auna.

A 1967, a birnin Graz na Ostiriya, aka fito da na'urar da ke kaɗa lanƙwasasshen bututu mai ɗauke da kimanin mililita guda, sai saurin kaɗawar ya bayyana nauyin. Bayan 1990, lokacin da masanin kimiyya Andreas Manz da abokan aikinsa suka gabatar da tunanin tattara ɗakin gwaje-gwaje a kan ɗan faifan da bai wuce farce ba, an fara sassaƙa hanyoyin ruwa masu sirantar gashin kai, inda ɗigo guda ya wadatar. Sai dai ƙanƙantar ta zo da nata ƙulli, domin wasu na'urori masu kaɗawa kan ba da kauri da nauyi a cakuɗe cikin lamba ɗaya, dole a nemi dabarar raba su.

Mu da ke Yamai, abin da ya fi shafarmu shi ne zafi. Alƙaluman da ke cikin littattafai galibi na digiri 20 ne, alhali a watan Afrilu inuwa ma tana haura 40, kuma tsakanin waɗannan biyun kaurin ruwa zalla yana faɗuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, na man inji kuwa fiye da haka nesa ba kusa ba.