Sanarwar Lincoln ba ita ta 'yanta bayin Texas nan take ba

Mutane da yawa sun ɗauka tun ranar 1 ga Janairu, 1863, da Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a sanarwar 'yanta bayi, bauta ta ƙare a Amurka. Ba haka ba ne. Sanarwar ta shafi yankunan da suka yi wa gwamnatin tarayya tawaye a yaƙin basasar ƙasar ne kawai, kuma ba ta aiki sai inda sojojin tarayya suka sa ƙafa. Texas kuwa tana can nesa da fagen daga, har masu bayi daga Louisiana suka riƙa kora bayinsu zuwa can.

Sai ranar 19 ga Yuni, 1865, Janar Gordon Granger na sojojin tarayya ya fitar da Umarni na 3 a garin Galveston na jihar Texas, wanda ya bayyana cewa duk bayi sun zama 'yantattu, lokacin bayin jihar sun kai kusan 250,000. Duk da haka wasu iyayengiji suka danne labarin sai da aka gama tsince auduga. Abin takaici, umarnin kansa ya shawarci 'yantattun su zauna inda suke, su yi wa tsofaffin iyayengijinsu aikin lada.

A jihohin Kentucky da Delaware kuwa, waɗanda sanarwar ba ta shafe su ba saboda ba sa cikin masu tawaye, bauta ba ta haramta ba sai Disamba 1865, bayan an amince da gyara na 13 ga tsarin mulki.